Wai "ai an tsame naman": ƙorafina kan sabbin wuraren cin abinci na Bauchi

Assalamu alaikum Edita. Ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Na san wasu za su karanta su ce wannan bawan Allah ƙoshi ne ke damunsa, ana fama da tsadar rayuwa shi yana ta surutun wai baya cin nama. To a yi dariyar, ni ma sai da na dara a wajen kafin abin ya fara min ciwo.

Ni ɗan garin Bauchi ne, nan aka binne cibiyata, kuma duk wanda ya sanni a da ya san ba a kai ni son balangu ba. Shekara biyu da suka wuce likita ya auna ni yace jinina ya hau kuma kitse ya yi yawa a jinin, in rage jan nama da kayan ciki da maiƙo. Ni kuwa na san halina, in na zauna gaban mai nama bani da birki, kalmar "rage" bata aiki a kaina, sai nace bari in ajiye gaba ɗaya na wata uku in gani. Nono dama tun ina yaro bama shiri, in na sha fura da nono cikina kugi yake kamar injin markaɗe. Ƙwai da kifi ma suka bi sahu a hankali. Wata uku dai gashi ya zama shekara biyu kuma alhamdulillahi jikina ya karɓa.

'Yata da ke karatu a jami'ar ATBU ce ta raɗa min suna, tace Baba ai kai yanzu bigan ne. Nace me kuma ake nufi da bigan? Tace mutumin da baya cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama, kifi, ƙwai, madara, man shanu, har zuma. Daga baya na bi diddigi na ga kalmar a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1944, wani Bature Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiya saboda suna ganin barin nama kaɗai bai isa ba tunda ana shan madara, har yanzu ma duk 1 ga Nuwamba suna da ranarsu ta duniya. Sun bambanta da Indiyawan nan masu yawa da basa cin nama amma suna shan madara suna cin man shanu. Su 'yan asalin abin ko takalmin fata basa sawa. Ni kuwa takalmina na fata ne, kuma duk babbar sallah ina yanka ragona in raba wa 'yan uwa da maƙwabta, iyalina su soya su ci ina zaune ina shaƙar ƙamshi. Kaga kenan ni bigan ɗin baki ne kawai, ba na aƙida ba.

To ranar Asabar yarinyar nan ta gama jarabawa ta matsa sai na kai su ita da ƙannenta ɗaya daga cikin sabbin wuraren nan da suke kira kafe, irin masu gilashi da esi da fitilu kala kala, waɗanda yara ke ɗaukar hoto a ciki su ɗora a Instagram tun kafin su yi bismillah. Ba zan kama suna ba dan ba tozarta kowa na zo yi ba, kuma gaskiya wajen tsaf yake, yaran da ke aiki ma akwai ladabi. Aka kawo takardar menu na duba daga sama har ƙasa, shawarma, boga, fiza, cips da kaza, firaid rais da kaza, jalof da kaza, farfesun kayan ciki, indomi da ƙwai, mitfai, kek, ais kirim. Na kira yaron nace ɗana, akwai abin da babu nama a ciki? Yace sosai ma Baba, akwai kifi. Nace bana cin kifi. Yace to a soya maka ƙwai. Nace shi ma bana ci. Ya tsaya yana kallona da biro a hannu kamar na tambaye shi hanyar Sin, can yace to Baba salak fa? Nace me ake sawa? Yace latas da kabeji da karas da dafaffen ƙwai sai a zuba bama. Nace ita bamar ai da ƙwai ake yinta. Yace wallahi Baba yau na fara ji.

Jalof ɗin da ruwan nama aka dafa, firaid rais akwai 'yan gutsattsarin hanta, cips kuma a man da aka soya kaza ake tsoma shi, wannan duk sai da na yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya yaro na ta zirga zirga tsakanina da kicin, yarana sun sunkuyar da kai dan kunya, ƙaramin har yana taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ƙarshe muka daidaita kan farar shinkafa da miyan tumatir, na jaddada masa sau biyu, miyan da ba a dafa da nama ba, in babu ka faɗa min in ci da mai da yaji. Yace an gama Baba. Aka kawo, loma ta farko na ji ɗanɗanon romo, na juya cokali sai ga guntun ƙashi da 'yar ganda manne a gefe. Na kira shi na nuna masa, sai yace, da zuciya ɗaya fa, ko a jikinsa, "Ai Baba an tsame naman."

Wannan kalma ita ta sa na ɗauki waya nake rubuta maka wasiƙar nan.

Manaja ya zo, matashi ne mai fara'a, ya rusuna ya gaishe ni ya ba da haƙuri, sannan ya matso kusa da kunnena yadda yara ba za su ji ba yace Alhaji in maganar kuɗi ce kada ka damu, a sa maka cinya ɗaya kyauta. Wallahi Edita na rasa dariya zan yi ko me. Kuma ban ga laifinsa ba, a tarbiyyarmu tuwon girma miyansa nama, baƙo in bai ga tsoka a kwano ba gani yake an raina shi, mutum kuma in yace baya so to ko kawaici yake ko aljihu ne ya yi sanyi. Babu wanda ke kawo wa ransa cewa akwai mai iya saye amma baya ci.

Abin da ya fi tsaya min shi ne da na zagaya baya zan wanke hannu. Nan bayan kicin na tarar da ma'aikatan wajen su huɗu sun kewaye tire ɗaya suna kwasar garau garau, shinkafa da wake ta sha man gyaɗa da yaji da yankakkiyar albasa da tumatir, ƙamshi na tashi. Nace bayin Allah, ai wannan nake nema tun ɗazu! Kukun ya yi dariya yace Baba wannan ai namu ne na ma'aikata, ba a sayarwa, baya cikin menu. Nace me yasa? Yace wa zai shigo waje irin wannan yace a bashi garau garau, ai sai a yi masa dariya.

Kaga matsalar kenan. Abincin yana nan, mai dafawa yana nan, tukunya ɗaya ce, amma an ɗauke shi a abin kunya da ba a kai shi gaban gilashi.

Mu tsaya mu ƙirga abin da iyayenmu suka bar mana wanda babu ɗigon dabba a ciki. Ƙosai wake ne da albasa da attaruhu. Ɗan wake garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, mai da yaji ya isa, ƙwan da ake ɗorawa a sama ado ne na baya bayan nan. Alale in ba a cusa masa kifi da ƙwai ba. Tubani. Dambu da zogale da gyaɗa. Fate da gwate da yakuwa da alayyafo, balle gwaten acca irin na mutanen Dass da Tafawa Ɓalewa da Bogoro, wanda masu ciwon suga ke nema ruwa a jallo. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, kwaɗon tafasa, duk da ƙuli ƙuli ake haɗawa. Rogo da ƙuli, dankali da yaji, dafaffiyar gurjiya, faten wake da manja. Awara kuwa da ake sayarwa a kowane lungu, waken soya ne ake jiƙawa a markaɗa a tace a tafasa a zuba ruwan tsami ya dunƙule a matse a yanka a soya, ita ce fa abin da mutanen Sin da Jafan suka daɗe suna ci, Turawa kuma ke saye da tsada a kantunansu a madadin nama, mu nan yara ke tallanta a faranti. Kunun aya da dabino da kwakwa ai madara ce ta tsiro, a garin Balensiya na ƙasar Sifen ma da aya suke yin abin shansu da suke alfahari da shi. Ga zoɓo, ga kunun tsamiya, ga kunun gyaɗa in ba a zuba madara ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken nan namu, kuma maƙwabtanmu na Gombe, da sai 1996 aka yanke musu jiha daga jikinmu, kowa ya san su da farin wake. Amma ka shiga kafe a Bauchi ka nemi wake a faranti ka ga yadda za a kalle ka.

Ita miya ma, kafin zuwan dunƙulen ɗanɗano da me kakanninmu ke yi? Daddawa ce, kalwar ɗorawa a dafa a sheƙe a rufe ta kwana biyu uku ta nuna, ko daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Miyan kuka da daddawa da citta da barkono in ta samu hannun da ya iya, ba za ka nemi nama ba. A gidanmu da muna yara nama sai ranar Juma'a ko in an yi baƙo ko suna, sauran kwanaki tuwo ne da miyan kuka ko kuɓewa ko karkashi, muka girma garau. Yanzu kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, gidaje nawa ne a Jahun da Bakin Kura da Fadaman Mada ke ɗora tukunya da nama kullum? Rabin gari bigan ne na dole, sunan ne kawai basu sani ba. Na faɗi haka ne ba dan in yi wa talauci kwalliya ba, Allah ya yaye mana, wanda ya bari dan kansa daban, wanda ya rasa daban.

Bari in dawo kan "an tsame". Da nake bautar ƙasa a kudu, duk inda zan ci abinci sai na tambaya wane nama ne, wa ya yanka, da me aka dafa. Akwai wata mata mai abinci kusa da makarantar da nake koyarwa, ba Musulma bace, amma duk ranar da ta dafa abin da ta san ba zan ci ba tun daga nesa take ɗaga min hannu tace malam yau ba naka bane, ka dawo gobe. Har yau ina yi mata fatan alheri. To a ce ranar nan ta tsame naman ta miƙo min romon tace ai an cire, ya zan ji? Mu da muka fi kowa sanin zafin wannan, mu ne ya kamata mu fi kowa kiyayewa in wani yace ga abin da baya ci. Ni nawa mai sauƙi ne, romon nan bai kwantar da ni ba, raina ne kawai ya ɓaci. Amma akwai wanda in ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kirefish jikinsa ke feso da borin jini, wani ma numfashinsa ke sarƙewa sai an ruga asibiti, akwai mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade masa abin da zai ci, akwai mai suga da zai tambaya an sa sikari a zoɓon nan a ce masa a'a dan kar ciniki ya wuce. Abincin wani gubar wani. Mai sayar da abinci amana ce a hannunsa, in bai sani ba yace ban sani ba bari in tambayo, in babu yace babu, ba a kama kowa dan yace babu.

Na san masu cewa to kai wa ya aike ka haramta abin da Allah ya halatta, an sha faɗa min a majalisa, wani abokina har aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ya janyo min. Ayar gaskiya ce kuma na yi imani da ita, duk wanda yace nama haram ne ko yace barinsa ibada ce da ke kusantar da shi ga Allah to ya kauce hanya. Ni ban ce ba. Nama halal ne, nono halal ne, zuma ma waraka ce da nassi, mahauta da makiyaya sana'arsu mai albarka ce kuma maƙwabcina na jikin katanga mahauci ne, muna zaman lafiya, tsiya kawai yake min wai na rage masa ciniki. Amma ƙin cin abu daban, haramta shi daban. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an kawo wa Annabi (SAW) naman dabbu, wata dabba mai kama da damo, bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaya ko haram ne yace a'a, kawai babu shi a ƙasar mutanensa ne shi yasa ransa baya so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. A Muwaɗɗa kuma akwai gargaɗin Sayyidina Umar cewa a yi hattara da nama domin yana da sabo irin na giya. Ni dai shaida ne kan wannan sabon, watan farko in na bi ta gaban mai tsire da daddare sai na tsallaka titi.

Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce gobe zai watsar da komai ya bi ni. Akwai sinadarin B12 da jiki ke buƙata dan jini da jijiyoyi, a nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, wake da ganye basa bayarwa, dole sai da ƙwayar magani, ni kaina ina sha bisa shawarar likita kuma ina zuwa gwajin jini. Sinadarin ƙarfe na cikin wake da ganye ma jiki baya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama, shi yasa ake so a haɗa da lemun tsami ko tumatir kuma a daina kora abinci da shayi nan take. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa ba abin da za su shiga da ka bane. 'Ya'yana suna cin namansu, ranar ma kaza suka ci har da tanɗe yatsa, ni na biya.

Da muka fito ina jin yunwa na ce wa yara mu biya ta wajen Wunti. Akwai wata dattijuwa mai masa da ƙosai a bakin hanya, na durƙusa nace Inna sannu da aiki, masar nan akwai nono ko ƙwai a ƙullin? Ko ɗagowa bata yi ba tana juya masa a tanda tace ta yau na ɗan zuba nono ɗan nan, miyan taushen kuma da ƙashi na dafa, in baka ci ga ƙosai can wake ne zalla, man ma daban ne, ga yajin ƙuli. Shikenan. Bata tambaye ni dalili ba, bata ce ko kuɗi ne babu ba, bata san wata kalma bigan ba, amma ta san abin da ke cikin tukunyarta saboda ita ta haɗa da hannunta, kuma ta gwammace ta rasa cinikin masa da ta rufe ni. Na ci ƙosai na kora da kunun tsamiya a tsaye a gefen mota, abin da na kashe bai kai kuɗin ruwan roba biyu na can ba. Masar Bauchi da ake yi mana kirari da ita har Kano da Abuja, ita ma fa in aka yi ƙullin da shinkafa da yis da albasa kawai aka ba mutum da yajin ƙuli ko miyan taushe na kabewa da gyaɗa da alayyafo ba ƙashi, ta wadatar.

Roƙona ga masu waɗannan wurare ba mai tsada bane. In za a soya kayan miya a ɗibi kaɗan a ajiye gefe kafin a zuba ruwan nama, ƙaramar tukunya ɗaya ta isa, a duba takardar dunƙulen ma dan wasu an rubuta kaza ko naman sa a jiki. A rubuta a menu ƙarƙashin kowane abinci abin da ke ciki, layi ɗaya ne. A zaunar da yaran da ke kai abinci a koya musu cewa romo nama ne, bama ƙwai ce, bota madara ce, kuma cewa "babu" ba rashin ladabi bane. Sannan dan Allah a sako ko da abu biyu na gida a takardar nan, ɗan wake ko dambu ko awara da miyan attaruhu, a zuba a farantin tangaran mai kyau a sa kuɗin esi a kai, za mu biya. Baƙin da ke wucewa Yankari, da malaman jami'a da 'yan ƙungiyoyin agaji da ke zuwa daga wasu ƙasashe, da dattawa irina da likita ya ɗaure wa baki, duk kasuwa ce da ake bari tana wucewa. Shawarma kuwa ko ina akwai ta.

Kafin mu bar kafen ranar, kukun nan ya biyo ni har bakin mota yana goge hannu da tsumma, yace Baba ka yi haƙuri, in za ka dawo ka aiko yaro tun da rana ya faɗa min, zan ƙara wake a tukunyarmu. Nace to manaja fa? Yace shi ma ai da mu yake ci in ba kowa. Dan haka Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake kai yara su ci kazarsu a gaban gilashi, ni kuma ta ƙofar baya zan shiga.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Daga mai karatunku na kullum,
Fadaman Mada, Bauchi.